Kaurin Man Juye da Zafin Inji: Darasi Daga Bagega

A garin Bagega, cikin Ƙaramar Hukumar Anka, abincin gidaje da dama ya rataya ne a kan inji: babur na haya, da janareto, da injin niƙa. Ranar da inji ya buga, tukunya ba ta hawa murhu. Sau da yawa kuwa, man juyen da bai dace ba shi ne sanadi.

Aikin wannan mai shi ne shiga tsakanin ƙarafa masu gogar juna, kamar yadda ruwan gaɓa ke hana ƙasusuwan gwiwa cin juna. To, amma kaurinsa ba ya zama wuri guda. Duk wanda ya ga manja ya daskare da hunturu, ya kuma tsinke a kan wuta, ya san ƙa'idar: sanyi na ƙara kauri, zafi na rage shi.

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, mai tushe a Amurka, ita ta tsara lambobin da ke jikin galan. A ɗauki 20W-50. Harafin W na nufin hunturu da Turanci, kuma ana gwada 20W a sanyin digiri 15 ƙasa da sifili. Ita kuwa 50 tana nuna kaurin man a zafin digiri 100. Mai irin wannan yana ɗauke da dogayen ƙwayoyin sinadari masu buɗewa idan sun ji zafi, su rage masa tsinkewa.

Ruwa ba ya zama ƙanƙara a Bagega, amma zafin Afrilu yakan haura digiri 40. Saboda haka lamba ta biyu ta fi muhimmanci a nan. Idan mai ya cika tsinkewa, ƙarfe ya ci ƙarfe. Idan ya cika kauri, ya makara wajen isa lungunan inji. Abin bi shi ne lambar da masu ƙera injin suka rubuta.

Saura batun tsohon mai. Yana ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe da sinadarai masu iya haddasa ciwon daji. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. Garin da ya ga wannan ya san cewa abin da aka zubar a tsakar gida yana ƙarewa a jikin yara. Don haka kada a zubar da baƙin mai kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa dabba a miki.