Allon Oga Ba Boka Ba Ne: Darasin da Na Koya a SIWES

Ranar da na fara SIWES a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, na tarar da oga ya ƙura wa allon kwamfuta ido, duk zane-zane ja da kore. Ya ce mini, "Kai ɗan poli, wannan allon ke faɗa mini kayan da zan saro." Na gyaɗa kai, alhali ban gane komai ba.

Ga yadda abin yake. Manyan kamfanoni suna amfani da manhaja guda da ke haɗa sito, sashen ciniki, akanta da albashi. Ita ake kira ERP, kuma SAP na Jamus da Oracle na Amurka suna cikin fitattun masu yin ta. Duk rasit ɗin da aka yanka, duk katan ɗin da ya bar sito, rumbun bayanai ɗaya yake faɗawa. To amma tarin lambobi ba ya magana. Shi ya sa ake jona masa manhajar tantancewa, irin Power BI ta Microsoft ko Tableau. Wasu ERP ɗin ma da tasu a ciki. Ita ce ke tace lambobin ta fito da amsa: wane kaya ne ke jibge ba ciniki, wane dila ne bashinsa ya haura wata, yaushe ya kamata a ƙaro sukari da madara kafin azumi.

A sati na uku aka ba ni shigar da rasit. Maimakon in nemo lambar wani sabulu, sai na riƙa buɗe masa sabon suna, har uku. Allon ya ɗauka kaya uku ne daban-daban, kowanne cinikinsa kaɗan. Saura ƙiris oga ya rage oda, sai mai kula da sito ya ce, "Ranka ya daɗe, ai sabulun nan ba ya kwana biyu a wurinmu." Wallahi ranar na sha kunya. Abin da ka zuba wa manhajar, shi za ta dawo maka da shi.

'Yan uwa ɗalibai, musamman 'yan akanta, kasuwanci da kimiyyar kwamfuta, kafin ku fita SIWES ku ƙware a Excel, ku ɗan taɓa SQL, ku sauke Power BI Desktop, kyauta ce a Windows. Sannan in an ba ku shigar da bayanai, kada ku raina aikin. A kansa oga zai yanke shawarar kuɗi.