Wankin Kafet A Dogayen Benaye: Wane Inji Ya Kamata Yaranmu Su Saya?

Duk wanda ya tsaya a Nima ko Mamobi ya ɗaga kai wajen filin jirgin sama, zai hangi dogayen benaye da babu su sa'ad da muke yara. Akwai na Villaggio, wanda mafi tsawo a cikinsu, wato Alto, hawa 27 ne, ga kuma wasu birjik a Cantonments da Ridge. Mazauna waɗannan gidaje ma'aikatan ofisoshin jakadanci ne da na manyan kamfanoni da attajirai, kuma da yawansu sun shimfiɗa kafet a ɗakunan kwana da falo. Kafet kuwa dole ya yi dauɗa, dole a nemi mai wanke shi. Nan ne samarinmu na Zango suka sami wata ƙofar neman abinci, kuma muna yi musu murna.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya sami wani tsohon ɗalibinmu. Yaron nan ya shekara uku yana bin wani maigida aikin share-share, har ya ƙware, ya ga lokaci ya yi da zai tsaya da ƙafarsa. Yayansa da ke Bronx a birnin New York ya tara kuɗin guminsa ya sayo masa babban injin wankin kafet, aka sa a kwantena har Tema. Ran da aka kawo shi gida, sai da maƙwabta suka taru kallo. Yaro ya canja kan filogi da hannunsa, ya jona a bango, sai ƙara da hayaƙi. Ko kafet ɗaya injin bai wanke ba. Da ya zo yana ba mu labari, kunya ta kama mu, domin mu ne muka koya masa darasin lantarki a aji, amma ba mu taɓa haɗa masa shi da abin da zai ci abinci da shi ba.

To, bari mu fara daga nan. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu ta Gana kuwa bolt 230, irin ta Ingila da Jamus. Injin da aka ƙera don Amurka ba zai yi aiki a nan ba sai da taransifoma, kuma ba 'yar ƙaramar nan ta rediyo ba, babba mai nauyin da kai kanka ba za ka so ka hau bene da ita ba. Saboda haka idan ɗan'uwa zai aiko maka da inji, wanda ke Landan ko Hambug ya fi wanda ke New York ko Toronto amfani a wannan sha'ani. Kafin a biya ko kwabo, a duba 'yar farantin da ke maƙale a jikin injin, a karanta abin da aka rubuta.

Bayan wannan akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai wannan sana'a ya haddace. Filoginmu mai ƙafa uku yana ɗauke da fis na amfiya 13. Idan ka ninka 13 da 230 za ka sami wat 2,990, wato kusan 3,000. Iyakar abin da filogi ɗaya zai ɗauka ke nan. Babban injin wanki yana da moto biyu na zuƙa, kowanne yana cin wat dubu ko fiye, ga famfo, ga kuma abin dafa ruwa wanda shi kaɗai yana iya cin wat 3,000. Shi ya sa za ka ga manyan injuna da waya biyu. Kowace waya soket ɗinta dabam, in da hali ma a ɗakuna dabam, kada a kuskura a haɗa su a kan 'yar wayar ƙari guda. Wanda ya kashe wa Bature wuta yana tsakiyar aiki a kwamfuta, ba a sake kiransa.

A Amurka manyan masu wannan sana'a suna da injin da ake girkewa cikin mota, a bar ta a bakin titi, a ja tiyo zuwa cikin gida. Ƙarfinsa ba a magana, kuma duk saurayin da ya gan shi a bidiyo sai ya yi sha'awa. Amma an yi shi ne don gidan ƙasa ko bene mai hawa biyu ko uku. Kowane hawa kamar mita uku ne, ke nan hawa na 15 ya kai mita 45 daga ƙasa, ban da tafiyar da tiyo zai yi a baranda da lungu. Gwargwadon tsawon tiyo, gwargwadon raguwar ƙarfin zuƙa, ruwan zafi kuma ya huce a hanya. Ga shi sai an bar ƙofofi a buɗe, kuma babu mai gadin da zai yarda a rataya tiyo ta taga a irin waɗannan gidaje. A can ɗin ma, in aikin dogon bene ya zo, ɗan inji mai taya suke turawa cikin lif. Shi ne namu.

Yadda yake aiki ba wuya. Tanki ɗaya na ruwa mai tsabta da magani, famfo ya fesa shi cikin gashin kafet, moton zuƙa ya janyo shi tare da dauɗa zuwa tanki na biyu. Masu sayarwa sun fi son su cika ka da labarin ƙarfin feshi. Mu kuwa a ganinmu, a garin nan na Ankara ƙarfin zuƙa shi ne kan gaba, nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, muna bakin teku, iskarmu cike take da laima kusan duk shekara, in ka cire 'yan watannin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Tagogin dogayen benaye kuma wasu ko buɗuwa ba sa yi sosai. Kafet ɗin da aka bari jiƙe ya wuce yini da kwana zai fara wari, ƙasansa ya yi hunhuna. Wanda aka saƙa bayansa da irin zaren buhun koko ma ya fi ban tsoro, domin in ya sha ruwa da yawa yakan tsuke, ya kuma fitar da wani jan tabo ya hau saman gashin. Wanda ya ɓata wa mutum kafet na ulu, ribar wata shida ba za ta biya ba. Saboda haka inji mai matsakaicin feshi da moto biyu na zuƙa ya fi mai feshi kamar na wankin mota da moto ɗaya. A gwada shi a gaban mai sayarwa: a wanke ɗan wuri, a ɗora tafin hannu. In hannu ya tashi da ɗan sanyi kawai, madalla. In ya tashi sharkaf, a bar masa kayansa. A kuma ware kuɗin fankar busarwa, irin mai hura iska a ƙasa, tun a cikin kuɗin inji.

Sai maganar nauyi, wadda ba a tunawa da ita sai an iso bakin bene. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankin lita 40 in ya cika, kilo 40 ke nan, ban da nauyin injin kansa wanda a manyan yakan kai wajen haka. Ƙofar lif da yawa ba ta wuce santimita 80 zuwa 90 ba, don haka a tafi kanti da tef na awo. A zaɓi mai manyan tayoyin baya da za a iya jan sa a matakala, domin wanda ya ga dumso na shekarar 2015 ya san ranar da lif zai tsaya tana nan tafe. A tambayi mai kula da gida tun da wuri ko janaretonsu yana ba soket wuta, ko kuwa lif da fitilu kawai yake ɗauka.

Ga mai ƙaramin jari, ba laifi ya fara da ƙananan injuna irin su Puzzi na kamfanin Kärcher na Jamus, mai tankin lita 10, ko George na kamfanin Numatic na Ingila. Mutum ɗaya zai ɗauke su da hannu, filogi ɗaya ya ishe su, suna shiga tasi ba sai an nemo aboboya ba. Suna da kyau ga kujeru da katifu da ɗaki ɗaya ko biyu. Sai dai falo babba zai sa ka yi ta zarya zuwa famfo, aikin awa biyu ya koma na yini. Akwai kuma wata hanya ta burushi mai juyawa da maganin da ke daskarar da dauɗa, bayan ya bushe a zuƙe ta. Ruwa kaɗan take sha, cikin awa ɗaya ko biyu an taka kafet, ta dace da barandar bene da ofisoshi. Amma ba ta fitar da fitsarin yaro ko miyar da ta nutse, wannan sai ɗauraya da ruwa.

Wani kuskure da muke gani shi ne zuba omo a tanki don a rage kashe kuɗi. Kumfarsa takan cika tankin dauɗa ta haye cikin moto ta ƙone shi, saurar sabulun da ta rage a kafet kuma ta riƙa kama ƙura, bayan mako uku ya fi dā baƙi, mai gida ya ce ba ka iya ba. A sayi maganin da aka yi don inji, marar kumfa, kuma na ulu dabam yake da na nailan. Ruwan dauɗa kuwa a masai ake zuba shi, bayan an tace gashi da zare, ba a kwatar baranda ba inda zai gangaro wa na ƙasa.

Game da tsohon inji na gwanjo, ba mu ce kada a saya ba. Amma moton zuƙa yana da wasu 'yan gawayi biyu da ke cinyewa da aiki, famfo ma robobinsa kan mutu. A tambayi mai sayarwa inda ake samun waɗannan a Ankara ko Kumasi, a je a gani da ido kafin a biya. Ɗalibin namu dai ya sami wani mai gyaran lantarki ya sa wa nasa injin sababbin motoci na bolt 230, ya cire abin dafa ruwan gaba ɗaya. Yanzu ruwan zafi yakan roƙa a kicin ɗin masu gida, kuma har yau bai gaya wa yayansa abin da ya faru ba.