Wayar da ke Mutuwa a Tsakiyar Ruwa, ta Farfaɗo a Yelwa

"Injiniya, wayar nan tana mutuwa tana tashi da kanta, amma da na shigo gari sai ta yi lafiya lau." Irin ƙorafin da masunci ko mai jirgin ruwa kan kai wa mai gyaran waya ke nan a Yelwa ko Wara. Mai gyara ya kunna ta a gabansa, ta yi aiki sumul, ya rasa abin kamawa, sai ya ce a yi mata filashin. A nan ake fara asara. Filashin magani ne na rikicin manhaja, kuma sau da yawa yakan tafi da hotuna da lambobi da saƙonnin murya, waɗanda su ne littafin bashin dillalan kifi a yau. In cutar a jikin waya take, an share dukiya a banza.

Wanda ya kamata a fara tuhuma shi ne batir. Batirin waya yakan cika a kan bolt 4.2 zuwa 4.4, in ya sauka kusa da 3.4 kuma wayar ta kashe kanta. Tsohon batir yana iya nuna kashi 60 a fuskar waya, amma ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda. A cikin gari, kusa da ƙarfen sabis, waya ba ta wahala. A tsakiyar Tafkin Kainji kuwa, ko a tsibiran Gungawa da ƙauyukan bakin ruwa na Ngaski da Shanga, sai ta ƙure ƙarfinta kafin ƙarfen ya ji ta. A layin 2G takan kai wat 2, tana fizgar wuta kusan amfiya 2. Nan take ƙarfin batirin ya faɗi, aisin (ƙaramin sashen cikin waya) da ke rarraba wuta ya katse komai, kamar ƙaramin janareta da aka jona wa dutsen guga. Da nauyin ya sauka sai batirin ya farfaɗo, wayar ta tashi, ta shiga neman sabis, ta sake faɗuwa.

Ba wayoyin Tecno da Itel kaɗai abin ke samu ba. A Disamban 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone da gangan, don kada raunin batir ya riƙa kashe su ba zato.

Zafi ne ke saurin tsufar da batir, kuma ƙasar Yauri ba ta rasa shi; a Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40. Ga wayar da ke yini a rana cikin kwale-kwale, ga rumfar caji inda ake tara wayoyi kan juna da caza marasa asali. Abin takaici, madatsar Kainji da aka kammala a 1968, wadda ta tashi dubban mutane daga gidajensu na gado don ta samar wa ƙasa lantarki, har yau ƙauyuka da dama a bakin ruwanta da janareta da sola suke caji.

Gwajin ba shi da wuya ga wanda ke da kayan aiki. A cire batirin, a jona wayar da injin ba da wuta na kan tebur a bolt 4. In ta zauna daram, an kama mai laifi. Agogon injin ma yana ba da labari: in wayar na jan wuta tun kafin a taɓa makunni, akwai inda wuta ke haɗuwa a kan fanel.

Sai danshi. Ba lallai waya ta faɗa ruwa ba; jiƙaƙƙen aljihu da hannun da ya taɓa kifi sun isa. Danshin kan bar tsatsa mai kore-kore a bakin batir ko a ƙarƙashin makunni. Yawancin wayoyi an ƙera su ne su sake tashi in an danne makunni na daƙiƙa goma ko makamancin haka, don haka makunnin da tsatsa ta haɗe tamkar yatsa ne da ba ya ɗagawa. Alamarsa ita ce mutuwar da ke zuwa a kan lokaci guda, ko da sabis ko babu. A zare igiyar makunnin, a goge da sifirit da burushi, a gwada. A wasu iPhone kuma, lalacewar igiyar wurin caji kan sa waya ta sake tashi duk bayan minti uku. Binne waya a cikin shinkafa, duk da albarkar shinkafar Kebbi, ba ya cire tsatsa.

Mafi tsada ita ce tsagewar dalmar da ke riƙe da ƙwaƙwalwar waya a kan fanel, sanadin faɗuwa ko zafi. Ita ce ta addabi LG G4, har kamfanin ya amsa a 2016 cewa sassan ciki ne suka saki juna. Nan ne wasu ke kunna buluwa su gasa fanel, wayar ta tashi, a karɓi kuɗi, bayan 'yan kwanaki ta koma gidan jiya. A ganina wannan cin amana ne, sai fa in an gaya wa mai ita cewa dabara ce ta kwashe bayanansa kawai. Gyaran gaskiya shi ne a ɗaga aisin ƙwaƙwalwar a sake masa dalma, aikin da ke bukatar madubin ƙara girma da hannu mai natsuwa. Wanda ba shi da su gara ya aika da ita Farm Centre a Kano.

Kafin a miƙa wa masunci wayarsa, a mayar da ita layin 2G, a bar cajin ya sauka ƙasa da rabi, a yi doguwar kira a lungun da sabis ya fi rauni. In ta jure wannan, za ta jure hanyar Wara zuwa Malale.