Tsutsar Cikin Tumaki Da Ragowar Amfanin Gona

Kowa ya san yadda mutanen Rafin Guza, nan arewa da Kogin Kaduna, suke kiwon tumaki a gida. Da wuya ka shiga gida ba ka tarar da 'yankasa biyu ko uku ba, wani wurin ma har da ragon da ake turka wa Babbar Salla. Amma kowace shekara, in damina ta yi nisa, sai a ga tumakin suna ramewa alhali kuwa ciyawa ta wadata. Fatar idonsu ta ciki ta yi fari, ƙarƙashin haɓa ya kumbura, 'yan raguna su yi ta mutuwa. Yawanci abin da ke kawo wannan wata 'yar tsutsa ce, wadda likitocin dabbobi suke kira Haemonchus.

Ga yadda al'amarinta yake. Cikin tunkiya kashi huɗu ne, ita kuwa tsutsar tana zaune a na huɗun, wanda ke kusa da hanji, tana shan jini. Tsawonta kimanin inci ɗaya ne kawai, amma tsutsa 1,000 sukan sha jini kimanin mililita 50 a rana, watau cokalin shayi 10. Macen takan zuba ƙwai 5,000 ko fiye kowace rana, su fita tare da kashi. In akwai laima da ɗumi, cikin mako guda sun ƙyanƙyashe sun hau ciyawa, tunkiya ta haɗiye su, bayan mako uku su ma su soma ƙwai. Sabo da haka fadama irin ta bakin kogi, inda ƙasa ba ta saurin bushewa, ita ce gidansu. Da rani kuma ba su ƙarewa, gama masu bincike a Zariya sun nuna, a shekarun 1970, cewa 'ya'yan tsutsar sukan lafe a jikin tumbi, sai ruwa ya kusa sauka su farka.

Maganin ɗura yana kashe su, amma yana da iyaka. A 1961 aka fito da wani mai suna tiyabendazol, kafin 1964 ta ƙare an sami tsutsotsin da ba ya kashewa. A 1981 aka kawo ibamektin, shi ma ba a yi shekara goma ba ya soma kasawa a Afirka ta Kudu. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da aka ɗura magani, raunanan ne suke mutuwa, masu taurin rai su saura su hayayyafa. Wannan ya sa masana suka waiwayi abincin dabba, kuma a nan ne ragowar amfanin gonarmu take da aiki iri biyu.

Na fari, ƙarfafa jiki. Tunkiyar da ke samun abinci mai gina jiki tana mayar da jinin da aka sha mata, kuma jikinta yana iya yaƙi da tsutsa da kansa, har ƙwan da ke fita a kashinta ya ragu. An gwada wannan a ƙasashe da yawa an tabbatar. Harawar wake, da harawar gyaɗa, da tunkuza, da angurya, da dusa, duk suna wannan aiki. Waɗanda suka fi bukatarsu su ne tunkiya mai tsohon ciki, da mai shayarwa, da 'yan raguna da aka yaye, domin su ne tsutsa ta fi kayarwa.

Na biyu, raunana tsutsar ita kanta. Akwai wani abu mai bauri a cikin waɗansu tsire-tsire, Turawa suna ce da shi tanin, shi ne wanda majema suke nema a cikin bagaruwa don jeme fata. In dabba ta ci shi daidai gwargwado, yakan manne a jikin tsutsa, ya hana 'ya'yanta zama a tumbi sosai, ya rage yawan ƙwan da take zubawa. Ana samunsa a ganyen rogo da ake zubarwa bayan an tone, da jar fatar nan da ake murjewa daga jikin gyaɗa, da 'ya'yan bagaruwa. A Biyetnam da Kambodiya an ciyar da awaki ganyen rogo, ƙwan tsutsa ya ragu a kashinsu. A Amurka kuma an gwada fatar gyaɗa, aka ga alamar haka.

Sai dai kowane abu da ƙa'idarsa. Ɗanyen ganyen rogo yana da dafi, lalle ne a shanya shi ya bushe tukuna. Tanin in ya wuce kashi 5 cikin 100 na busasshen abinci, dabba takan rage ci, abincin ma ya ƙi narkewa, sabo da haka bagaruwa 'yar kaɗan ake gaurayawa da dusa. Angurya ba ta dace da ƙananan 'yan raguna ba, kuma yawanta yana rage wa rago ƙarfin barbara. Tunkuzar da ta yi hunhuna kuwa a zubar da ita. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila sabo da garin gyaɗa mai hunhuna.

Kada kuma wani ya ce abinci ya ɗauke wa magani aiki. Rage tsutsa yake yi, ba ya ƙarar da ita. A riƙa buɗe idon kowace tunkiya ana dubawa sau ɗaya cikin mako biyu da damina. Wadda fatar idonta ke ja a bar ta, wadda tata ta yi fari a nemi malamin dabbobi ya ɗura mata magani. Ta haka maganin zai daɗe yana aiki. A kuma riƙa share garke, a ɗora abinci a kan kwami, kada a zuba a ƙasa inda kashi yake.

Mu da za mu fita koyarwa garuruwa da ƙauyuka, wannan ilmi ne da ba ya bukatar kuɗi mai yawa. In kaka ta yi, mu gargaɗi iyayen yara su ɗaure harawa su ɗora a rumfa inda ruwa ba ya taɓa ta, su ajiye wani kashi har farkon damina, lokacin da tsutsa ke tashi. Allah ya albarkaci kiwonmu, amin.