Kukan Mota: Inda 'Yan Gem Su Ka Sha Gaban 'Yan Fim

Duk wanda ya taɓa leƙa gidan gem a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni a zamanin da PlayStation 2 ke tashe, ya san ba ƙwallo kaɗai ke haddasa gardama a wurin ba. Da zarar an saka faifan tseren mota, tun kafin a sha kwanar farko, sai ka ji wani daga baya ya ce wallahi wannan ba kukan mota ba ne, injin markaɗe ne. Shi ke nan musu ya ɓarke.

Kuma yaran su na da hujja. Wanda ya tashi a bakin Titin Zariya ko na Maiduguri, ga tireloli ga bas-bas dare da rana, wani ma yaron gareji ne, ai kunnen sa ya riga ya waye. Kafin a hana acaɓa a Kano a 2013, daga cikin lungu yaro zai gaya maka babur ɗin da aka fasa wa salansa ne ya wuce.

To me ya sa kukan wata motar ya bambanta da na wata? Lissafi ne. Injin mai silinda 4 da ke juyi 3,000 a minti, ya na tashin wuta sau 100 a kowace daƙiƙa; mai silinda 8 kuwa sau 200. Sai kuma tsawon bututun hayaƙi da irin salansar su ƙara nasu. Shi ya sa masu haɗa gem kan ɗaure mota a kan na'urar da tayoyi ke juyawa a wuri ɗaya, su liƙa makirfo a bakin salansa, wani a kan injin, wani a cikin mota, su ɗauki sautin tun daga silo har a take totur. Idan aka yi ganda, aka ɗauki kuka ɗaya ana ja masa murya sama da ƙasa, nan ne ake samun injin markaɗen.

Gran Turismo, wanda Kazunori Yamauchi na Japan ya fitar a 1997, ya sha wannan gorin shekara da shekaru. Hoto kamar ka taɓa, amma Turawa su ka riƙa kamanta kukan motocin da na injin zuƙe ƙura. Sai da kamfanin ya ɗauko gwanin sauti Mike Caviezel daga ɓangaren abokan hamayyar su, masu Forza, a 2015. Need for Speed kuwa salon fim ya bi. Underground na 2003 ya zo ne bayan The Fast and the Furious na 2001 ya haukata matasa, sannan a Most Wanted na 2005 aka ji shewar giyar BMW M3 GTR ɗin nan, wadda har yau waɗanda su ka buga shi ba su manta ba. Akwai ƙarin gishiri a ciki, babu shakka, amma gishirin ya zauna.

Yanzu a dawo gida. Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Titin Gidan Zu, inda ɗakunan tace finafinan Hausa su ka yi sansani tun shekarun 2000, tafiyar ƙafa ce. Amma sau nawa aka ga Alhaji ya shigo gida da tsaleliyar jif, sai a ji kukan wata akwala da aka kwaso daga kwamfuta? Wani lokacin ma motar ta tsaya, an buɗe ƙofa, injin bai daina gudu ba. Wani furodusan kuma kiɗa kawai zai sa a danne wurin, a wuce. An biya kuɗin hayar mota, an sha mai, amma an rasa minti goma da za a kai makirfo bakin salansar ta.

A da, talabijin ɗin falo da ƙarar janareta su na rufa asiri. Yanzu kuwa waɗancan yaran na gidan gem su ne su ka girma, su ke kallon shirye-shirye masu dogon zango a YouTube, da abin sauraro toshe a kunnuwa biyu.