« Social-démocratie » a bakin Hausa: aƙidar, tarihinta da matsalar fassararta

0. Gabatarwa

Tun zamanin Taron Ƙasa na 1991 kalmomin « social », « socialisme » da « social-démocrate » suka yawaita cikin sunayen jam'iyyun siyasa na Nijar, amma Hausa ba ta keɓe wa « social-démocratie » wata kalma tsayayya ba. Wannan ƴar maƙala za ta yi bayanin aƙidar a inda ta samo asali, wato Turai, sa'annan ta dubi kalmomin da ake fassara ta da su. Abin da muke son nunawa shi ne cewa gindin aƙidar haƙƙi ne wanda doka ta tsai da, haraji kuma yake biya; duk fassarar da ta karkata wajen kyauta ko jin ƙai ta ɓatar da ma'anar.

1. Yadda ma'anar kalmar ta sauya

A ƙarni na 19 « social-démocrate » suna ne na jam'iyyun ma'aikata, galibinsu masu bin ra'ayin Karl Marx. Jam'iyyar Jamus, wadda aka haɗa a garin Gotha a 1875 kuma ta ɗauki sunan SPD a 1890, ita ce babbarsu. Har jam'iyyar Lenin ta Rasha wannan suna take amsawa da farko. A 1899 Eduard Bernstein, wani jigo na SPD, ya wallafa littafi inda ya nuna cewa tsarin jari-hujja ba ya kan hanyar rushewa kamar yadda ake tsammani, sabili da haka aikin jam'iyya shi ne ta gyara zaman ma'aikata sannu a hankali ta hanyar ƙuri'a, majalisa da ƙungiyoyin ƙwadago. Jam'iyyar ta ƙi wannan ra'ayi a lokacin.

Bayan juyin-juya-halin Rasha na 1917 aka rabu gida biyu, kamar yadda ya faru a Faransa a taron Tours na 1920: ƴan kwaminis a gefe guda, masu bin hanyar zaɓe a ɗaya gefen. A 1959, a taron Bad Godesberg, SPD ta ajiye aƙidar Marx a fili, ta amince da kasuwa da mallakar dukiya. Daga nan kalmar ta ɗauki ma'anarta ta yanzu: a bar kasuwa ta samar da arziki, amma hukumar da jama'a suka zaɓa ta sa mata linzami, ta kuma raba wani kaso na arzikin.

2. Misalin ƙasar Suwidin

Jam'iyyar ƴan « social-démocrate » ta Suwidin, wadda aka kafa a 1889, ta riƙe gwamnati daga 1932 zuwa 1976, in ban da ƴan watanni a 1936. A 1928 shugabanta Per Albin Hansson ya kwatanta ƙasa da « folkhem », wato gidan jama'a, inda babu ɗan mowa babu ɗan bora. Tsarin ya tsaya a kan duwatsun murhu uku.

2.1. Sulhu tsakanin ƙwadago da jari. A 1938, a Saltsjöbaden, uwar ƙungiyar ma'aikata (LO) da ta masu kamfanoni (SAF) suka ƙulla yarjejeniya a kan hanyoyin sasanta rigingimu ba tare da gwamnati ta tsoma baki ba. A 1951 masana biyu na LO, Gösta Rehn da Rudolf Meidner, suka gabatar da wata dabara: aiki iri ɗaya albashi iri ɗaya, ko kamfani mai riba ne ko maras riba. Kamfanin da ya kasa biya sai ya rufe, hukuma kuma ta sake horar da ma'aikatansa ta taimake su su koma inda ake neman hannu. Ta haka aka rage tazarar albashi tun kafin haraji ya shigo cikin lissafi.

2.2. Hidima ga kowa. Kuɗin tallafin yara da aka fara biya a 1948 na kowane yaro ne, ba a tambayar abin da uba yake samu. Haka makaranta da asibiti. A 1974 aka mai da hutun haihuwa na iyaye biyu, uwa da uba. Dalilin bai wa kowa, har mawadaci, shi ne wannan: hidimar da aka keɓe wa matalauta kaɗai takan lalace, domin masu biyan haraji ba su da ruwa da ita, wadda kowa ke cin moriyarta kuwa kowa yana kare ta. A 1998 Walter Korpi da Joakim Palme suka nuna cewa, cikin ƙasashe masu arziki da suka gwada, waɗanda suka fi keɓe tallafi ga matalauta su ne suka fi ƙarancin rage talauci. Wasu masana sun yi jayayya da wannan sakamako daga baya, amma shi ne hujjar da aƙidar ta fi dogara da ita.

2.3. Haraji mai yawa daga hannun kowa. Wajen 1990 harajin da hukumar Suwidin ke karɓa ya kai kimanin rabin dukiyar da ƙasar ke samarwa a shekara. Mawadata kaɗai ba su isa su biya wannan ba; ma'aikaci matsakaici shi ma yana biya da yawa, ta albashinsa da ta sayayyarsa. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai kusan kowane baligi, mace da namiji, yana da aikin da aka rubuta.

Tsarin yana da iyaka. Shirin Meidner na mai da wani kaso na hannun jarin manyan kamfanoni ga asusun ma'aikata ya gamu da adawa mai zafi; an kafa shi a raunane a 1983, aka soke shi a farkon shekarun 1990. Matsin tattalin arziki na 1991 zuwa 1993 ya sa aka rage wasu kuɗaɗen tallafi, kuma tazarar samu ta ƙaru a ƙasar tun daga shekarun 1980.

3. Matsalar fassara

Sifar « social » ta Faransanci tana ɗauke da ma'ana uku aƙalla: (a) abin da ya shafi zaman jama'a, kamar a « sciences sociales », (b) abin da ya shafi taimakon mabukata, kamar a « cas social », (c) abin da ya shafi dangantakar ma'aikata da masu ba da aiki, kamar a « partenaires sociaux ». Hausa ba ta da sifa guda mai haɗa ukun. Dole mai fassara ya zaɓi suna ya ɗaura shi da harafin mallaka, zaɓin nan kuma yakan fitar da ma'ana ɗaya ya danne biyu.

« Gurguzu » ita ce ta fi yawo a rediyo, kishiyar « jari-hujja ». Aibinta shi ne ta haɗa « socialisme » da « communisme » a tukunya ɗaya, ta shafe rabuwar da muka gani a sashe na 1.

Laƙabin Hausa da jam'iyyu suka ɗauka su ma abin lura ne: CDS-Rahama, PSDN-Alheri, PNDS-Tarayya, daga baya RSD-Gaskiya a 2004. Waɗannan take ne na neman jama'a, ba a yi su don fassara ba, amma da su talaka ya san jam'iyyun har aka rusa su duka a 2025. « Rahama » da « alheri » suna cikin ma'ana ta (b): akwai mai bayarwa a sama, akwai mai karɓa a ƙasa, wanda aikinsa godiya ne. Wanda aka hana alheri ba ya kai ƙara. « Tarayya » ta fi kusa, tun da tana nuna abin da aka haɗa hannu aka mallaka, sai dai ta riga ta zama fassarar « fédération » da « union ».

Bambancin sadaka da zakka zai taimaka. Sadaka ganin dama ce. Zakka farilla ce mai nisabi da ƙa'ida, kuma malamai suna kiran ta haƙƙin matalauci cikin dukiyar mawadaci. Ta wannan fuska zakka ta fi kusa da abin da ake nufi. Inda suka rabu shi ne zakka tana zuwa ga rukunoni takwas da aka ayyana, alhali hidimar « social-démocratie » ta kowane ɗan ƙasa ce. Sabili da haka muke ba da shawarar « dimokuraɗiyyar haƙƙin jama'a »: « haƙƙi » yana ɗauke da wajibci, yana kuma ba da damar a nema in an hana.

4. Abin da wannan yake nufi a Nijar

Wannan ba gardamar ƙamus kaɗai ba ce. A 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa jama'a kuɗin tiyatar haihuwa da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Mataki ne irin na sashe na 2.2, tun da ba a tambayar samun iyaye. Amma binciken cibiyar LASDEL ta Yamai ya nuna cewa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu ya jawo ƙarancin magunguna. Inda aka gabatar da irin wannan mataki a matsayin kyautar shugaba, uwar da ta tarar babu magani sai ta ce yau ba ta taki sa'a ba. Inda ta san haƙƙinta ne, za ta tambayi wanda ya riƙe kuɗin.

Sauran duwatsun murhun biyu su ma raunana ne a nan. Asusun CNSS na ma'aikata masu albashi ne, alhali yawancin ƴan ƙasa manoma ne, makiyaya da masu ƙananan sana'o'i. Harajin da hukuma ke tarawa bai kai kashi 20 cikin 100 da ƙungiyar UEMOA ta tsai da a 2015 ba. Kalmar « lampo » kanta tana tuna wa mutane kuɗin kai na zamanin Nasara, abin da ake karɓa da ƙarfi ba a ga amfaninsa ba.

5. Kammalawa

« Dimokuraɗiyyar haƙƙin jama'a » tana da tsawo, kuma amfani ne zai nuna ko za ta zauna a baki. Aikin da ya rage shi ne a tattara yadda ƴan jarida da masu wa'azi a Maraɗi, Damagaram da Tawa suke amfani da « haƙƙi », « tallafi », « taimako » da « kyauta » a maganar hidimar hukuma, a ga wadda ta fi rinjaye da kuma wanda take ɗora wa nauyi.