Port Talbot: An kashe tanderu, ma'aikata na lissafin kuɗin sallama

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Cardiff zuwa Swansea, a yankin Wales na Birtaniya, ya san wurin da nake nufi. Kana zaune sai ka ga dogayen bututu sun tokare sama, ga tsibin kwal kamar duwatsu, ga hayaƙi na tashi dare da rana. Masana'antar ƙarfe ta Port Talbot ke nan. Shekarata ta farko a ƙasar, da wannan hayaƙin nake gane na kusa gida. Yanzu in na wuce sai in ga sararin sama fes, kuma wallahi ban san ko murna zan yi ba ko jaje.

A ranar 30 ga Satumban 2024 aka kashe babban tanderu na ƙarshe a masana'antar, wanda ake kira na huɗu. Na biyar tun watan Yuli aka rufe shi. Kamfanin Tata Steel na Indiya, wanda ya mallaki wurin tun 2007, ya ce yana tafka asarar kusan fam miliyan ɗaya kowace rana. A watan Janairun 2024 ya sanar da cewa mutum 2,800 za su rasa aikinsu, akasarinsu a Port Talbot. A shekarun 1960 wajen mutum 18,000 ne ke cin abinci a wannan wuri. Kafin rufewar sun koma kusan 4,000.

Kamfanin bai ce ya daina ƙarfe ba. Cewa ya yi zai canza hanya. Tsohon tanderu tama ake zuba masa da gawayin kwal, a hura wuta har ƙarfe ya narke ya gangaro. Ba a kashe shi, don in ya huce da ƙarfe a cikinsa ya lalace ke nan, shi ya sa ake karɓa-karɓa a kansa ba dare ba rana. Sabon da ake ginawa kuwa da lantarki zai yi aiki, kuma abincinsa tsofaffin ƙarafa ne, irin waɗanda ƴan gwangwan ke tsinta a unguwanninmu. Kuɗin aikin fam biliyan 1.25, a ciki gwamnatin Birtaniya ta zuba miliyan 500. Hayaƙi zai ragu ƙwarai, gaskiya ne. Amma tanderun lantarki ba ya buƙatar masu sauke kwal a tashar ruwa, ko masu gasa shi, ko masu haɗa tama. Duk waɗannan sassa sun tafi da mutanensu.

Wani dattijo da muke haɗuwa a shagon unguwarmu, wanda ya yi shekara fiye da talatin a bakin tanderu, shi ya fara fahimtar da ni abin da ya fi ci musu rai. Ba su ƙi a rage hayaƙi ba, ai jikokinsu ma iskar suke shaƙa. Abin da ya tsaya musu a wuya shi ne an ɗauki kuɗin haraji, nasu a ciki, an bai wa kamfani, sannan sakamakon shi ne takardar sallama. Ga kuma tazara: an kashe tsoho a 2024, sabon kuwa tun farko sai wajen ƙarshen 2027 aka tsara ya fara. A tsakani, daga waje ake shigo da ɗanyen ƙarfen da ake murzawa a masana'antar.

To ina ƙungiyoyin ƙwadago, ko sandika kamar yadda muke cewa a Nijar? Nan ne labarin ya fi ba ni takaici. Uku ne a wurin: Community, wadda ta fi yawan ma'aikatan ƙarfe, sai Unite da GMB. Community da GMB sun sa masana na kamfanin Syndex suka tsara musu wata mafita: a bar tanderu na huɗu ya ci gaba da aiki har 2032, a gina ƙaramin na lantarki a gefe, a bi abin sannu a hankali. Unite ta ce wannan ma ai amincewa ne da rage ma'aikata, ta fito da nata tsarin daban. Kamfanin ya ce tsarin ƙungiyoyin ya fi ƙarfin aljihunsa, ya wuce abinsa. A ganina, tun ranar da suka shiga zauren tattaunawa da takarda biyu aka ci su da yaƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Unite, ƙarƙashin Sharon Graham, ta yi yunƙuri. Mambobinta wajen 1,500 suka fara ƙin yin aikin ƙarin lokaci a watan Yuni, aka kuma sa ranar 8 ga Yuli don tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani. Kamfanin ya mayar da martani cewa in haka ne, zai kashe tanderun biyu gaba ɗaya kafin ranar, saboda ba zai iya tabbatar da tsaron wurin ba. Aka janye yajin. Ka ga wahalar ma'aikacin ƙarfe: makaminsa shi ne ajiye aiki, amma yaya za ka tsorata mai gida da rufe ƙofar da shi ma rufe ta yake son yi?

Ba a tashi a tutar babu ba dai. Bayan jam'iyyar Labour ta karɓi mulki a Yulin 2024, an kyautata sharuɗɗan sallama: albashin mako 2.8 kan kowace shekarar aiki har zuwa shekara 25, mafi ƙaranci fam 15,000, da damar shiga horon koyon sana'a. Kuɗi ne, ba a musu. Sai dai wanda ya kai hamsin, ga bashin gida a kansa, kuma ba shi da wata sana'a sai ta narkakken ƙarfe, ya san fam 15,000 ba ta kai shi ko'ina.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin lissafin 2,800 ɗin: masu shara, direbobi, masu walda da gyaran injuna da ke aiki ƙarƙashin ƴan kwangila, da masu shagunan abinci na bakin ƙofa. Mutanen Akokan ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Da aka rufe mahaƙar uranium ta Cominak a ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikatan ƴan kwangila ne suka fi kokawa cewa an bar su a baya.

Abin da ya ƙara wa mutanen Port Talbot zafi ya zo ne a watan Afrilun 2025. Kamfanin Jingye na Sin ya so kashe tanderun British Steel da ke Scunthorpe a Ingila, inda aikin mutum kusan 2,700 ke cikin haɗari. Nan take aka kira majalisar dokoki zaman gaggawa ranar Asabar, 12 ga wata, aka yi dokar da ta bai wa gwamnati ikon karɓe ragamar masana'antar. Gwamnati ta ce lamarin biyu ba ɗaya ba ne, tunda a Wales akwai yarjejeniyar sabon tanderu a ƙasa. Da na tambayi dattijon nan ra'ayinsa, na ce, “Baba, kai fa me ka gani?” sai ya yi murmushi kawai, ya ɗauki jaridarsa da madararsa. Ɗansa, wanda shi ma a masana'antar yake kafin a sallame shi, ya fara koyon tuƙin babbar mota.